Saƙon Ibu a Wayata

Jama'a, ku gyara zama, don yau da haushina na zo, kuma sai na amayar da shi duka zan ji sanyi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Tayyiba. A shekarar 2015 asibitin da nake aiki a Kano ya turo ni Amurka kwas na wata huɗu, kan adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Makarantar tana kusa da Wheaton a jihar Maryland, ni kuma aka sauke ni a Bowie, gidan Anti Hannatu ƙanwar Ummata, wadda ta shekara ashirin da biyu tana aikin nas a can. Ranar da zan taso Umma ta riƙe kunnena a filin jirgi ta ce, "Duk abin da Hannatu ta ce, ni na ce." Na ce to.

Gidan Anti ba laifi. Bene ne mai ciyawa a gaba, farin kafet wanda ko inuwar takalmi ba ta hawa, labule ruwan zuma har ƙasa, ga turaren wuta da take kunnawa kullum duk da ƙararrawar hayaƙi tana yi mana kururuwa. Ɗakina ma da banɗakinsa. Matsalata ɗaya ce tak, kuma a kicin take.

Mijinta Baba Maitama malamin jami'a ne. Shekara uku da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya ɗan taɓu. Likita ya ce a rage gishiri da mai. A rage fa aka ce. Anti ta dawo gida ta kwashe gishiri, magi, manja, daddawa, har da barkonon da babu wanda ya ambace shi, ta zuba a shara. Ta kafa doka: abin da maigida zai ci shi kowa zai ci, don kada ransa ya biya.

Kun taɓa shan miyar kuka babu gishiri, babu daddawa, babu yaji? Kada Allah ya nuna muku. Kaza kuwa fara fat take zuwa, kamar an wanke ta da omo an shanya. Kuma Anti za ta dawo daga aikin awa goma sha biyu, ko kayan asibiti ba ta cire ba, ta dafa, ta tsaya a kaina da ludayi.

"Ya yi daɗi, 'yata?"

"Sosai ma, Anti."

To me zan ce? Matar da ƙafarta ta kumbura don tsayuwa?

Bayan maganar abinci kuma sai ta wani Hayatudeen. Injiniya ne, ɗan Zariya, yana aiki a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen gwamnati da ke unguwar Southwest a babban birnin ƙasar. Ashe tun ban sauka ba Anti da Umma sun gama maganar haɗa ni da shi. Babu wanda ya ce dole, amma kullum sai an ce, "Yaron kirki, Tayyiba, ki dai duba." Asabar ɗin farko ya zo cikin shadda ruwan toka da hula zanna, a zafin Yuli, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Da aka kawo tuwo ya cinye tas, ya ce:

"Ni Anti, shekarata tara a ƙasar nan, abincin waje bai taɓa shiga bakina ba. In ba na gida ba, gara in sha shayi in kwanta."

Anti ta dube ni tana washe baki. A raina na ce, lalle, an haɗu.

Wata Talata bayan an tashi daga aji na ce yau ko me za a yi sai na sayi yaji na ɓoye a jaka. Na shiga shagon wata Hajiya 'yar Kumasi na saya. Ina fitowa wani ƙamshi ya daki hancina, kamar ana soya daddawa da albasa. Wallahi ƙafata ce ta bi shi, ba ni ba. Na zaga bayan wani shagon wanki, sai ga ɗan wuri mai tebur biyar, da takardar halal manne a gilashi. Wata gajeriyar mata mai hijabin furanni ta ɗago daga kan tukunya ta ce, "Assalamu alaikum."

'Yar Indonesiya ce. Ni iyakar sanina da Indonesiya labarin Umma ne na aikin hajji, cewa alhazansu ƙanana ne, masu ladabi, ba sa ture mutum a ɗawafi. Ban san suna da hannu haka ba.

Da Turanci muka yi magana. Na ce mata ban san sunan komai ba, ni dai yaji nake so. Ta yi dariya ta zaunar da ni. Farko ta kawo abin da suke kira sate. Ku ji fa, tsire ne, tsirenmu sak, a tsinke, sai dai maimakon garin ƙuli an kwarara masa miyar gyaɗa mai kauri da ɗan zaƙi-zaƙi. Sai rendang: naman sa da aka dafa da madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙone, ya yi duhu, kana taɓa shi yana wargajewa. A gefe ta ajiye ɗan kwano na dakakken jan barkono, wai sambal, a cikinsa ne ake sa wannan abu mai warin daddawa, ashe da jatan lande suke yin tasu.

Na kai loma ɗaya. Harshena ya kama da wuta, hancina ya fara zuba, idona ya cika. Matar ta taho a guje da ruwa tana ba ni haƙuri. Na ce, "A'a, ƙaro."

Daga ranar duk Talata da Alhamis ina can. Na ci soyayyiyar shinkafarsu mai ƙwai a kai. Na ci wani kwaɗon ganye da miyar gyaɗa, da ta ce sunansa gado-gado sai da na kusa shaƙewa don dariya, na ce mata a garinmu a kansa ake kwana. Kowa a wurin Ibu yake ce mata, wato uwa da yarensu, ni kuma tana ce mini sayang, kamar ka ce 'yar lele. Muka yi musayar lamba, na rubuta Ibu. Kafin in shiga jirgin ƙasa sai in tauna cingam biyu in goge baki, in dawo Bowie in zauna gaban farar kaza in ce, "Sosai ma, Anti."

Haka aka yi wata biyu da rabi. Sai wata Talata Anti ta sami hutu ta ce ita za ta ɗauko ni daga makaranta, ban je wurin Ibu ba. Ranar Alhamis da safe ina wanka, wayata tana caji a kicin. Na sauko da zani ɗaure a ƙirji da hula a kai, na tarar da Anti zaune, tabarau a karan hanci, wayata a gabanta.

"Tayyiba, wane ne Ibu?"

Na matso kusa da ita. Ta turo mini wayar da yatsa ɗaya kamar ƙazanta. Saƙon da Turanci yake, ga fassararsa:

"Sayang, Talata ba ki zo ba, na yi ta duba hanya. Yau na tanadar miki abin da kika fi so, da zafinsa. Ki zo ƙarfe biyu, lokacin babu kowa."

Har da hoton jar zuciya guda uku. Uku!

Ku gaya mini, ina zan fara? In na faɗi gaskiya, na ce mata wata uku ina yi mata ƙarya a kan girkinta ke nan. Sai na tsaya ina in-ina. In-inar nan ita ta kashe ni.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A gidana? Amanar yayata?"

"Anti, wallahi mace ce."

"Mace? Mace mai suna Ibu? Ni za ki mayar 'yar ƙauye? Ibrahim nawa na sani ana ce musu Ibu!"

Kafin in ce wani abu ta danna kiran Umma, ta sa a sifika. Umma ta saurara har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni.

"Ibrahim ɗin ɗan wane gari ne?"

"Umma, babu wani Ibrahim. Mai sayar da abinci ce."

"Mai sayar da abinci ce take ce miki ki zo lokacin da babu kowa?" Sai ta koma kan Anti. "Hannatu, a canza mata tikiti. Lahadi nake son ganinta a Kano."

"Umma, saura sati uku jarrabawa! In ban kawo takardar nan ba me zan ce wa asibiti?"

"Ki ce musu uwarki ce ta kira ki."

Ta kashe. Na tsaya a tsakiyar kicin ruwa yana ɗiga daga wuyana. Wata uku ina tashi da asuba, ina canza jirgi biyu, ina haddace abin da ko a mafarki ban taɓa gani ba, duk zai tafi a kan nama da barkono. Na share hawaye na ce, "Anti, ƙarfe biyu aka ce ko? Mu je tare ki ga Ibu da idonki."

"Za mu je kuwa. Amma ba mu kaɗai ba, ban san irin ƙaton da zan tarar ba."

Kun san wa ta kira? Hayatudeen. Ni 'yasu! Mutumin da ake so ya aure ni, shi aka kira ya baro ofis ya raka mu kamen saurayina.

Ƙarfe ɗaya ya iso, da rigar aiki da katin ofis rataye a wuya. Anti ta fito cikin leshi ruwan goro, ɗauri ya tsaya ƙyam, gyale a kafaɗa, da jakar da take zuwa biki da ita. Ni baƙar abaya na zura, ko hoda ban shafa ba. Na shige baya na haɗe rai.

A hanya Anti ta zayyana masa komai, har da zuciyoyin nan uku. Na so ƙasa ta tsage. Da ta gama ya ce, "Anti, ni dai a ɗan sanin da na yi wa Tayyiba, ba za ta yi abin kunya ba. A bi a hankali."

Na ɗago na dubi ƙeyarsa. Ban zaci haka daga gare shi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani abu ya ɗan motsa a raina.

"Ina muka nufa?" ya tambaya.

Na faɗi sunan titin, na ce bayan shagon wanki. Motar ta ɗan yi tangal-tangal.

"Anti, ko a bari sai gobe? Akwai cunkoso yanzu."

"Tuƙa mu je."

Abin da na lura, ban sake nuna masa hanya ba. Shi ya karya kwana, ya shiga wani lungu, ya faka a filin bayan shagon, wanda ni kaina sai da na yi wata guda kafin in san da shi. Amma hankalina yana kan tikiti, ban tsaya tunani ba. Muna fita ya ɗaga waya ya kara a kunne ya ce daga ofis ne, mu shiga yana zuwa.

Anti ta tura ƙofa, 'yar ƙararrawar da ke sama ta kaɗa. Babu kowa sai Ibu tana goge tebur. Tana ganina ta watsar da tsumma ta rungume ni.

"Sayang! Na ce ko ba ki da lafiya!"

Anti ta gyara tsayuwa, ta ce da Turancinta na asibiti, "Ina Ibu?"

"Ni ce."

"A'a. Ibu. Namijin."

"Mijina Pak Darmo? Ya tafi sayo kwakwa."

Na ciro waya na danna lambar. Wayar da ke aljihun rigar girkin Ibu ta fara ruri. Na bar ta ta yi ta yi, ina kallon Anti, sai da na tabbatar ta ji da kyau.

Na zaci za ta ji kunya ta ba ni haƙuri. Ina! Ta dubi tukwane, ta dubi farantin da aka rufe mini a kan kanta, ta dube ni. Ta ja kujera ta zauna a hankali.

"Wato abinci kike zuwa ci."

"Eh, Anti."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu da rabi."

"Kullum ina tambayarki, kina ce mini sosai ma." Muryarta ta yi ƙasa. "Da Ibrahim ɗin ne ma da ya fi mini sauƙi."

Kai jama'a! Da safe ni 'yar iska ce, da rana kuma maciya amanar tuwo. Ta ina mutum zai ɓullo? Na durƙusa gefenta na ce, "Anti, ki yi haƙuri. Ganin wahalar da kike sha ne ya sa na kasa faɗa."

Ibu ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskoki. Ba ta tambayi kowa ba ta jera rendang da shinkafa da sate da sambal a gaban Anti.

"Wa ya yanka naman?" in ji Anti.

Ibu ta nuna takardar da ke gilashi, ta faɗi sunan mahaucin, ashe inda Anti take sayen nata ne. Anti ta taɓe baki ta ɗauki cokali, wai don kada a ce ta wulaƙanta Musulma. Ta ɗebi ɗan mitsitsi ta kai baki. Ta tauna. Ta sake ɗiba, wannan karon da sambal. A cokali na huɗu na ga hawaye yana bin gefen hancinta.

"Yajin ne, Anti?"

"Rufe mini baki." Ta goge da bakin gyale. "Shekara uku rabon da gishiri ya taɓa harshena." Ta juya cokali a cikin farantin. "Maitama ma kullum cewa yake ya yi daɗi."

Ibu ta tambayi abin da ya faru, na faɗa mata da Turanci.

Da Ibu ta ji labarin, ta tafa hannu ta ce ai mijinta ma hawan jini gare shi. Ta shiga ciki ta fito da kifi naɗe a ganyen ayaba, ta ce babu gishiri ko ƙwaya ɗaya, citta ce da kurkur da lemon tsami da wata ciyawa mai ƙamshi. Anti ta ɗanɗana, ta zaro biro daga jakar biki ta fara rubutu a bayan takardar goge baki. Mata biyu suka haɗa kai kamar sun shekara da sanin juna, ni da aka kusa kora daga ƙasa an manta da ni.

"Anti," na ce, "tikitin fa?"

Ta kira Umma. Bayanin bai fi minti biyu ba. Umma ta ce a ba ni wayar.

"Ke yanzu saboda kwaɗayi kika tayar mana da hankali? Ki zauna ki yi jarrabawarki. Kuma ki canza sunan nan a wayarki."

Ko sannu babu. Wai ni ce ma na tayar da hankali.

Anti ta leƙa ta gilashi ta hango Hayatudeen jingine da mota, har yanzu waya a kunne. Ta buga gilashin ta yafito shi. Ya nuna wayar. Ta sake yafitowa da ƙarfi. Ya taho kamar mai tafiya kan ƙaya, ya shigo kansa a sunkuye, yana wani kare fuska da hannu.

Ibu ta juyo, fuskarta ta washe, ta kira shi yadda suke kiran namijin da suka saba da shi.

"Mas Hayat! Yau ba Juma'a ba ce! Kamar kullum? Rendang, sambal biyu?"

Cokalin Anti ya tsaya a iska.

"Hayatudeen."

"Na'am, Anti."

"Shekara tara, abincin waje bai taɓa shiga bakinka ba."

"Anti, wato, ai wannan kusan na gida ne."

Dariya ta taso mini tun daga ciki, na toshe baki da mayafi. Sai kuma ta yanke, don na tuna: tun a mota da ya ji titin ya san wace ce Ibu. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke ni, amma ya zaɓi ya laɓe a bayan waya. Na buɗe baki zan gaya masa haka, Ibu ta riga ni. Tana zuba masa shinkafa ta ce:

"Irene fa? Ba ta zo ba yau? Na ajiye mata kujerarku ta lungu, shekara biyu ba wanda nake bari ya zauna a wurin ranar Juma'a."



Anti ta ajiye cokali, ta ninke takardar girkinta ta sa a jaka, ta zuge zif.

"Tayyiba, ci abincinki. Kai kuma ja kujera. Wace ce Irene?"

Ya zauna a bakin kujera, gumi yana tsattsafo masa a goshi. "Anti, 'yar Kaduna ce, Irene Katung. Maganar tana da tsawo. Ba yadda kike zato ba ne."

"Yau da safe ma an ce mini haka, kuma na zo na gani da idona. Kira ta."

"Yanzu?"

"Ina da hutu har gobe."

Ya dube ni kamar mai neman ceto, na kawar da kai. Ya fita waje ya yi waya, ya dawo ya ce ofishinta babu nisa, tana hanya.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi a duk ranar, kuma ku kaɗai zan gaya wa. Ya kamata in yi murna. Mutumin da aka ishe ni da zancensa ya faɗa ramin da aka haƙa mini, tikitina ya tsira, ga rendang da zafinsa a gabana, kuma karo na farko zan ci ba a ɓoye ba. Amma sai juya cokali nake a faranti. Shekara biyu. Kujerar lungu. Na saci kallon kujerar ya fi sau biyar, ina tambayar kaina ina ruwana, ni da ko sonsa ban ce ina yi ba.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Shi ne, daga can ɓangaren tebur, hannunsa a ƙasa:

"Don Allah kada ki yanke mini hukunci sai kin gan ta."

Na ja tsaki na kife wayar. Minti ashirin muka yi a haka, Anti tana cin sate tana zare tsinke ɗaya bayan ɗaya, idonta a kansa.

Sai 'yar ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Anti ta gyara gyale. Hayatudeen ya miƙe tsaye. Ni kuwa Tayyiba, da na fito ko hoda babu don in nuna ban damu da kowa ba, sai na tsinci kaina ina goge maiƙo daga leɓena da sauri, ina duba fuskata a bayan cokali.